Aljanin da Likita Ta Zana wa Ƙofa

Na binne miji, na ga gobara ta cinye rumbunmu ina tsaye da tulu a hannu, duk waɗannan lokaci ya rage musu kaifi. Amma abin da ya same mu a Alƙahira, shekarar da na je wankan jegon matar ɗana, wannan kam da shi za a sa ni a ƙasa. Ko hankalina ya gushe don tsufa, ina jin shi ne zai rage na ƙarshe.

Ɗan nawa na fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Ya tafi Masar karatun addini, ya shekara bakwai a can, a tsakani ya zo gida ya yi aure ya tafi da matar. Uwar yarinyar ta rasu tun tana ƙarama, da haihuwa ta matso sai aka ce ni zan je. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, aka ɗora ni a jirgi kamar buhun gero, aka sauke ni a wata unguwa da suke kira Arba wa Nus. Na tambayi ma'anar sunan, aka ce mini "huɗu da rabi". Na ce to, Allah ya cika musu biyar. Gidan bene ne hawa biyar, mu ne a can ƙololuwa, ruwan famfo kuwa sai ya ga dama yake hawowa gaishe mu.

Aka haifi mace, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako, aka sa mata sunana. Takwarata ke nan. Tsotso take yi ba dare ba rana, amma ba ta ƙara ko nauyin ƙwai ba, tsummanta kuwa kullum sharkaf. Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki, wata safiya na je ɗaukar tsumman da aka ajiye a bayan ƙofa don in wanke, sai na tarar kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin. Na tsaya na duba. Kiyashi ba ya zuwa inda babu zaƙi. Na kira ɗana na nuna masa.

"Inna, kiyashin Masar ne, komai ma bi suke yi," in ji shi, idonsa na kan littafi.

"Yarinyar nan suga gare ta."

Ya yi dariya. "Haba Inna, jaririya da suga? Me ta sha?"

Na ce, "Ka tambayi kiyashin, tunda sun fi ka lura."

Da yamma muna asibiti. Suga ne, har ya kusa tafiya da ita. Muka kwana goma, aka sallame mu da allurar insulin da wata 'yar na'ura ta awo. Tun daga ranar, sau nawa a yini sai an soki dunduniyar takwarata an ɗiga jini a na'urar, sannan a tsira mata allura a cinyar da ba ta kai kaurin babban yatsana biyu ba. Uwar ce ke yi. Tana yi tana hawaye, 'yar na tsala ihu, ni kuma ina gefe na naɗe hannu.

A nan sai in faɗi nawa laifin, tunda ba na son a ce na ɓoye. Na san mahaifin surukata yana fama da suga a gida, har an yanke masa ɗan yatsan ƙafa. Sai na haɗa biyu da biyu na yanke hukunci. Ban taɓa faɗa mata ido da ido ba, ai ni babba ce. Bango nake gaya wa. Ina tankaɗe sai in ce, "Mu dai a zuriyarmu ko hawan jini sai an yi furfura." Ina shanya sai in ce, "Kowa da gadon da yake kawo wa gidan miji, wata tukwane, wata kuma abin da ya samu." Ba ta taɓa tanka mini ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da goge allura. Ni a lokacin gani nake shirun nan amsa laifi ne.

Ban san karatu ba, na boko ko na allo, ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Amma na'urar nan na ƙure ta da ido har na san halinta. Alamomi take fitarwa, wani lokaci biyu, wani lokaci uku. In uku ne kuma ta farko sanda ce a tsaye, uwar takan sauke ajiyar zuciya. In ta farko mai kama da agwagwa ce, sai ta ciji leɓe. In mai kama da kujera a kife ce, to ranar ba mai cin abinci a gidan.

Bayan wata biyu aka tura mu wajen wata likitar yara a unguwar Dokki, aka ce ta san kan irin wannan. Ranar ɗana yana da jarrabawa, sai muka tafi ni da surukata. Larabcinta kuwa na sayen tumatir ne da na Islamiyya, tsakaninsu babu komai. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta juya takwarata ta duba, ta yi tambayoyi da baki da hannu. Can sai ta gyara tabaranta, ta yi ɗan murmushi, ta faɗi wata magana. A ciki na ji wata kalma sau uku, "jin". Ta jawo takarda ta zana wani abu kamar ƙofa a buɗe, ta yi rubutu a ƙasa, ta nuna hannun jaririya, ta nuna na uwar, ta yi alamar gemu, wato uban.

Na dubi surukata, na ga fuskarta ta yi fari fat.

"Me ta ce?"

"Inna, ta ce wai... wai jinni ne a jikinta. Kuma wai a kawo jininmu duka a aika ƙasar waje."

Na karɓi takardar na ƙulle a bakin zanena. Duk hanyar dawowa a cikin mikrobas, 'yar motar hayarsu da ake cusa mutane kamar kifi a gwangwani, hannuna na kan ƙullin zanen. Tunani nake. Ni ban musa aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su, kuma na ga masu su a garinmu. Amma ban taɓa ganin wanda ya hango aljani ya tsaya yana murmushi yana gyara tabarau ba.

Kafin la'asar labari ya gama zaga ɗaliban unguwar. Washegari sai ga babbansu, wanda suke kira Ustazu. Shekararsa goma sha ɗaya a Masar, karatun bai ƙare ba, wataƙila ilimin ne ya yi masa yawa ya kasa fita ta ƙofar makarantar. Ya zauna ya baje riga, ɗana ya durƙusa a gabansa. Aka ce in kawo takarda. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya kalle ta kallo ɗaya, ya ɗaga yatsa sama.

"Allahu akbar! Ga shi nan a rubuce. Yau ɗibbu, ilimin likitoci, da kansa ya yi iƙirari. Wannan massu ne, Hajiya, mas'ala ce ma'arufiya a wajen ahlul ilmi."

Na ce, "Da Hausa, Malam. Ni baƙuwa ce a Larabci."

"Shafar aljani ce. Shi ke shanye abin da take tsotsa. Wannan ƙofar da aka zana kuwa, ai ta nan ya shiga."

"To shi aljanin, jinin uwa da uba me zai yi da shi?"

Ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta ruɗe. Ya juya wajen ɗana ya ci gaba da Larabci, don kada jahilci ya sa musu baki. Da ya tafi, ɗana ya sanar da mu hukunci. Kwana uku za a yi ana ruƙiyya, a ajiye allura don tana firgita aljanin yana ƙara shigewa, jini kuwa babu wanda zai aika ƙasar da ba a san me za su yi da shi ba. Na ce addu'a kam a yi ta har a gaji, tun kafin a haife shi nake yin ta, amma allura me ta tare wa addu'a? Ya ce, "Inna, ki bar wa masu abu abinsu." Kar ku ga laifinsa da yawa. Wata biyu yana jin ihun 'yarsa yana toshe kunne da littafi. Wanda ya ce masa ba sauran allura, ko ƙarya ce zai so ta zama gaskiya.

Gari ya waye ba a yi allura ba. Na ce wa surukata ina allura, ta ce a hankali, "Ya hana, Inna." Na zauna na sa wa jaririya ido. Da hantsi ya yi, ta jiƙa tsumma uku, leɓenta ya bushe, numfashinta ya fara sauri kamar na wanda ya hawo benen nan a guje. Na ce, "Allura ya hana, bai hana awo ba. Soki ƙafar." Ta soka. Na leƙa na'ura. Kujera a kife.

Daidai nan Ustazu ya yi sallama, riƙe da kwalbar zuma da ya yi wa tofi. Ya karɓi cokali ya ɗebo, ya ce a buɗe bakin jaririya. Zuma, jama'a. Yarinyar da kiyashi ke bin fitsarinta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zare cokalin daga hannunsa na lashe tas.

"Zuma mai kyau ce, Allah ya saka da alheri," na ce. "Ni ma ina da aljanu, sun daɗe ba su sha zaƙi ba." Na juya wajen surukata. "Ke, ɗauko allura."

Ta dubi mijinta.

"Kada ki dube shi. Ni na haife shi, ni na ce ki ɗauko."

Ta auna, ta tsira. Ɗana ya buɗe baki, na ce ya rufe ya nemo mana taksi, yanzu za mu koma wajen mai tabarau ya ji da kunnensa. Na ce wa Ustazu shi ma ya taho ya gaisa da abokiyar aikinsa, tunda bakinsu ya zo ɗaya. Sai ya tuna yana da darasi. Ya tafi, zumar ma bai bar mini ba.

Shekarun nan garin ba ya rabo da hayaniya, hanya kaza a rufe, hanya kaza sojoji, sai da muka zagaya duniya kafin mu isa Dokki. Likitar na ganin yarinyar ta daina murmushi. Ba ta saurari kowa ba sai da aka ɗaura mata ruwa, aka yi abin da za a yi, numfashinta ya daidaita. Sannan ta zauna ta tambayi wa ya ce a tsallake allura. Ɗana ya gyara murya ya kwararo Larabcin littafi, irin na huɗubar Juma'a. Ni dai fuskarta nake kallo. Ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa. Ta miƙo hannu, na kwance bakin zane na ba ta takardar. Ta ɗauki jan biro, ta je kan kalmar nan, ta ɗiga ɗigo biyu manya a ƙarƙashin wani ɗan ƙanƙanin baƙi da ke tsakiya, wanda saurin rubutu ya sa ya kwanta kamar ƙafar kiyashi. Ta nuna wa ɗana, ta ja muryarta kamar mai kiran akuya daga nesa.

"Jiiin. Jiiin, ya ustaz."

Ɗana ya ƙura wa takardar ido. Na ga kunnensa ya yi ja.

"Me ta ce?"

"Inna, ba jinni ba ne. Wata kalma ce daban, ta likitoci. Akwai harafi ɗaya a tsakiya, ana jan sa."

Na ce, "Sannu. Shekara bakwai kana koyon tajwidi, tun zuwana kana tashina da asuba da nan a ja, nan kada a ja. Ranar da jan ya zo da amfani sai kuka gajarce shi, kai da mai shekara goma sha ɗaya." Daga baya ma na ji cewa mutanen Masar ko aljanin za su ambata ba "jinni" suke cewa ba, da "ga" suke fara shi. Wannan ma Ustazu bai tsinta ba a shekarunsa, da yake bai cika sauraron kowa ba sai kansa.

Likitar ta ce masa ya fassara mini kalma-kalma, ta kira ni Hajiya da harshensu ta ce, "Ya Hagga, ke za ki gane." Ga abin da na gane, kuma har yau ban ga wanda ya fi ni riƙe shi ba. Shi wannan jiin rubutu ne da Allah ya ajiye a jikin kowane mutum, wanda ke faɗin yadda za a gina kowane abu a cikinsa. A bayan tumbi akwai wata tsoka da ke yin insulin. A jikin tsokar akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, wani irin gishiri ke bi ta cikinsu, irin wanda ke cikin ayaba da ruwan toka. Ta ce asalin ƙirar irin wannan ƙofa ta fi sauƙin shigarwa a kan fitarwa, na ce na san mutane masu irin wannan aljihu. In mutum ya ci abinci suga ya hau, sai ƙofofin su rufe, rufewarsu ce ke sa tsokar ta saki insulin. Likitar tana zaton a rubutun ƙofar takwarata akwai kuskure, shi ya sa ƙofar ta ƙi rufuwa. Insulin ɗin yana nan a ciki, ba a dai ba shi izinin fita ba. Sunan rubutun ma ba suna ba ne, kamar lambar mota yake, ƙarshensa goma sha ɗaya. In awon jini ya tabbatar da haka, akwai ƙwayar magani da ke tura ƙofar ta rufu, mai yiwuwa a rabu da allura.

Ɗana bai jira an ce masa ba, ya naɗe hannun riga don a ɗebi jini.

Muka yi kusan wata biyu muna jira, ana allura kamar da. Ranar da sakamako ya zo duk muka tafi. Likitar ta tare mu da "tamam", wato komai daidai, tun daga bakin ƙofa. Zatonta ya tabbata. A duk tsawon rubutun nan, harafi ɗaya tak ne ya sauya. Ɗana ya yi sujada a kan tayil ɗin asibiti, surukata ta rungume 'yarta. Ni kuwa, tunda hali zanen dutse ne, sai na zunguri ɗana.

"Tambaye ta daga wane ɓangare ya zo."

Ya yi kamar bai ji ba. Na sake zungurarsa. Ya tambaya. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ina jin ta gane ko ni wace ce ba tare da tafinta ba. Ta nuna ɗana ta girgiza kai. Ta nuna surukata ta girgiza kai. Jininsu duka lafiya lau. Abin a kan yarinyar ya fara, ba ta gaje shi daga kowa ba. Ciwon kakanta na wajen uwa kuwa wani abu ne daban, hanyarsu ma ba ta haɗu ba.

Ba wanda ya kalle ni. Da sun kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kwantar da mu mako guda. Ana daka ƙwayar a jiƙa a ɗiga mata a baki, ana rage allura kaɗan-kaɗan, ana awo. Da aka kawo kwalin maganin, surukata ta juya shi ta ce, "Lah, irin wanda Baba yake sha ne." Wato gidan da na yi wata huɗu ina jifa da habaici, maganin jikata yana kan tagarsu tun tuni. Na ga sanda a tsaye a na'ura yau, na gan ta gobe, na gan ta jibi. Ranar da za a sallame mu likitar ta ɗauki allurar ta jefa a kwandon shara a gabanmu, ta kaɗe hannu ta ce, "Khalas," wato an gama.

Da muka koma gida na rasa ta inda zan fara. Tsohuwa ba ta saba durƙusa wa matar ɗanta ba. Na dama kunu na kai mata har ɗaki, abin da ban yi ba tun ranar suna. Na tsaya a kanta. Bangon da na saba gaya wa magana yana nan, amma na ga wannan ba tasa ba ce.

"Maganganun da na riƙa yi," na ce, "ki yafe."

"Wace magana, Inna? Ai da bango kike yi."

Na dube ta, ta dube ni. Ashe yarinyar tana da baki, ajiye shi ta yi. Muka yi dariya har jaririya ta farka.

Takwarata yanzu ta girma, tana zuwa makaranta, tana shan ƙwayarta safe da yamma, don ƙofar ba ta koyi rufuwa da kanta ba har yau. A cinyarta ba ko tabo. Ustazu kuwa na ji yana gaya wa mutane cewa tofinsa ne ya kama daga nesa. Allah ya ba shi lada, ni ce shaida, tunda ni na sha.

Abin da na koya shi ne, in magana ta zo maka ta bakin wani, kuma rai ya rataya a kanta, taka ka koma wajen mai ita ka ce ya maimaita, ko da za a ce kai jahili ne. Harafi ɗaya ya buɗe ƙofa a cikin jikata, harafi ɗaya kuma ya kusa rufe ita kanta a ƙasa. Na daɗe ina yi wa malaman nan dariya don sun tsallake ɗigo biyu. Amma su ko ba komai takarda suka gani. Ni ba takarda, ba baƙi, ba ɗigo, na karance zuriyar mutane kaf na yanke musu hukunci. Surukar tawa ce ma ke rubuta mini wannan. Na ce in ta gama ta karanta mini sau biyu a hankali, kuma inda na faɗi laifina kada ta rage ko ɗigo.